Ƙarfin Manyan Kamfanoni a Rayuwar Jama'a: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka ci wani babban kamfani tara, ko aka ji ya haɗiye abokin gasarsa, ko aka fallasa cewa harajin da ya biya bai taka kara ya karya ba, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a bakin mutane. Su aka tattara a nan, daga masu sauƙi zuwa masu sarƙaƙiya. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna.

Da me ake auna girman kamfani?

Yawanci akan fara da lissafin kuɗi da yawan ma'aikata. Walmart, mai manyan shaguna a Amurka, yana da ma'aikata sama da miliyan 2, cinikinsa na shekara kuma ya haura dala biliyan 600. A watan Agusta na 2018 darajar Apple a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 1. Irin waɗannan alƙaluma ne ke sa a riƙa cewa kamfani kaza ya fi ƙasa kaza arziki. Maganar tana da daɗin ji, sai dai a yi hattara da ita, domin ciniki daban, riba daban. Mafi yawan abin da Walmart ke karɓa daga hannun mai saye wucewa yake yi zuwa ga waɗanda suka sayar masa da kayan.

Ma'aunin da ya fi amfani tambaya ce guda: in ka ce ka fasa hulɗa da kamfanin nan, ina za ka? Akwai ASML a ƙasar Holan, wanda akasarin mutane ba su taɓa jin sunansa ba, amma shi kaɗai a duniya ke ƙera injinan da ake buga ƙwaƙwalwar kwamfuta mafi ci gaba da su. Duk mai son irin wannan inji, ƙofa ɗaya zai ƙwanƙwasa. Irin wannan ƙarfi ne sauran amsoshin nan ke magana a kai.

Me ya sa ake cewa kamfani mutum ne a idon doka?

Saboda kamfanin da aka yi wa rajista yana iya mallakar fili, ya ci bashi, ya kai ƙara, a kai shi ƙara, duk da sunan kansa, kuma ba ya mutuwa don masu shi sun mutu. Gata na biyu da doka ta ba shi shi ne iyakance asara. Wanda ya sayi hannun jari, in kamfanin ya karye, abin da ya zuba kawai zai rasa, masu bin bashi ba za su bi shi gida ba. A Birtaniya dokokin 1855 da 1856 ne suka buɗe wannan ƙofa ga kowa. Kafin nan sai da takardar izini ta musamman daga sarauta ko majalisa.

Dabarar ta yi amfani ƙwarai. Ba don ita ba, da wuya mutum ya haɗa kuɗinsa da na dubban baƙin da bai sani ba don a shimfiɗa layin dogo ko a gina matatar mai. Amma tana da wata fuska. Uwar kamfani tana iya kafa rassa ɗari, kowane reshe mutum ne mai cin gashin kansa a wurin doka. Riba tana hawa sama zuwa ga uwa, alhaki kuwa ana iya barinsa a ƙasa, a wuyan reshen da ba shi da ko kwabo. Amsar haraji da ta hukunci da ke gaba duk daga nan suka samo tushe. A kuma riƙe wannan: majalisa ce ta ba da gatan, don haka majalisa tana da ikon gindaya masa sharaɗi.

Wannan ƙarfi sabon abu ne da zamani ya kawo?

Ko kaɗan. Ta fuskar ƙarfin bindiga ma, babu kamfanin yau da ya kama ƙafar na da. A ranar ƙarshe ta shekarar 1600 Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta ba wasu 'yan kasuwar Landan izinin kafa East India Company. Holan ta kafa nata a 1602, da izinin gina sansanoni, ƙulla yarjejeniya da sarakuna, har da yin yaƙi. Na Ingila ya fara da fatauci, amma bayan yaƙin Plassey na 1757 a ƙarƙashin Robert Clive, sai ya zama mai mulki. A 1765 ya karɓi ikon tara harajin Bengal da Bihar da Orissa. Ma'ana, miliyoyin manoman Indiya suna biyan haraji ga kamfanin da ke raba riba ga masu hannun jari a Landan. Ko a lokacin yunwar Bengal ta 1770, wadda ta kashe miliyoyi, kamfanin bai daina matsa wa mutane a kan harajin ba. A farkon ƙarni na 19 sojojinsa sun haura 200,000, sun fi na Birtaniya kanta yawa.

Abu biyu a tarihinsa suna da kama da na yau. A 1772 kuɗi ya ƙare masa, ya garzaya wurin gwamnati neman ceto, aka kuwa cece shi da rance a 1773, tare da dokar farko ta sa masa ido, don an ga faɗuwarsa za ta ja wasu da yawa. Na biyu, duk ƙarfinsa, da tawayen 1857 ya tashi, majalisar Birtaniya ta karɓe mulkin daga hannunsa a 1858. Ƙasar da ta ba da izini ita ta janye.

Su wa suka mallaki manyan kamfanoni, kuma wa ke juya akalarsu?

A takarda, masu hannun jari ne, su ke zaɓen kwamitin gudanarwa, kwamitin kuma ya naɗa shugaba. A zahiri, babban kaso na hannayen jarin yana hannun kamfanonin da ke juya kuɗin wasu, kamar kuɗin fansho da na masu ajiya. Uku daga cikinsu, BlackRock da Vanguard da State Street, in aka haɗa abin da suke riƙe da shi, su ne masu kaso mafi tsoka a yawancin manyan kamfanonin Amurka. BlackRock kaɗai yana juya sama da dala tiriliyan 10. Kuɗin na miliyoyin mutane ne, amma ƙuri'ar da ke biye da kuɗin a hannun ofisoshi ƙalilan take.

Akwai kuma inda mai kafa kamfani ya tsara hannun jari iri biyu, nasa kowane ɗaya da ƙuri'a 10, na sauran jama'a da ƙuri'a 1. Ta haka ne Mark Zuckerberg, wanda kasonsa a Meta bai kai 15 cikin 100 ba, yake riƙe da fiye da rabin ƙuri'un, babu mai iya tsige shi. Wasu manyan kuma, irin Saudi Aramco, na gwamnati ne.

In kamfani ya yi girma saboda kayansa sun fi kyau, mene ne laifinsa?

Babu, kuma dokokin gasa a yawancin ƙasashe ba su haramta girma ba. Akwai ayyukan da sai babba zai iya: masana'antar ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ɗaya tana cin biliyoyin daloli kafin ta fitar da komai, haka ma ƙera jirgin sama. Mai samar da kaya da yawa kuma yakan iya sayarwa da araha. Girman ma ba ya dawwama. Kodak ya yi shekaru yana sarautar hoto, ya bayyana karyewarsa a 2012. Nokia ya riƙe kasuwar wayar hannu, daga baya ya sayar wa Microsoft da sashen.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da kamfani ke yi bayan ya hau, don kada wani ya biyo shi. Standard Oil, wanda John D. Rockefeller ya kafa a 1870, ya kai ga riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a Amurka cikin shekara goma. Gaskiya ne ya iya aiki, kananzir kuma ya yi sauƙi a zamaninsa. Amma ya samu rangwame a asirce daga kamfanonin jirgin ƙasa, har akwai lokacin da aka tsara a riƙa ba shi kaso daga kuɗin dakon da abokan gasarsa suka biya. Ka ga kenan mai gasa da shi, duk gangar da ya loda, yana ƙara wa maƙiyinsa ƙarfi ne.

Salon ya canza, manufar tana nan. A watan Agusta na 2024 wani alƙalin kotun tarayya a Amurka, Amit Mehta, ya yanke cewa Google ya yi babakere a harkar bincike a intanet ba bisa ƙa'ida ba. Cikin hujjojin akwai dala biliyan 26.3 da kamfanin ya biya a 2021 kaɗai don ya zama shi ne ke buɗewa kai tsaye a wayoyi da manhajojin shiga intanet. Wata hanyar ita ce saye abokin gasa tun yana jariri: Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19.

Ga kaya iri-iri a kasuwa, to ina babakeren yake?

Sunaye ne suka yi yawa, masu su ba su da yawa. Manyan jiragen fasinja, Airbus ko Boeing. Manhajar da ke tafiyar da wayar hannu, Android ko iOS. Katin biyan kuɗi a mafi yawan ƙasashe, Visa ko Mastercard. Fataucin hatsi tsakanin ƙasashe ya daɗe a hannun ADM da Bunge da Cargill da Louis Dreyfus. A harkar iri da maganin ƙwari, ChemChina ya sayi Syngenta a 2017, Bayer ya sayi Monsanto a 2018, haɗewar Dow da DuPont ta haifi Corteva, aka wayi gari kamfanoni kusan huɗu ke riƙe da kaso mafi girma.

Akwai ɓangaren da akan manta. Ana yawan duba babakeren mai sayarwa, wanda ke ɗaga farashi, a bar na mai saye, wanda ke danne shi. Manomin da mai saye ɗaya ne ke zuwa yankinsa, ko ma'aikacin da masana'anta ɗaya ce a garinsa, ko ƙaramin ɗan kasuwar da duk cinikinsa ya rataya a kan shafi ɗaya na intanet, dukansu ba su da bakin ciniki. Mai saye a shago yana iya ganin araha ya ji daɗi, bai san daga jikin wa aka yanko ba.

In ba cin hanci ba, ta wace hanya kamfani ke tasiri a kan gwamnati?

Cin hanci yana nan, amma hanyoyin da doka ta halatta sun fi shi aiki. Ta farko kamun ƙafa. A Amurka, inda doka ta wajabta a bayyana abin da aka kashe, kuɗin kamun ƙafa a matakin tarayya ya haura dala biliyan 4 a shekara. Ta biyu kuɗin siyasa. Hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2010, a shari'ar Citizens United, ya cire iyaka ga abin da kamfanoni da ƙungiyoyi za su iya kashewa da kansu wajen tallata ɗan takara ko sukarsa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Ta uku shige da fice tsakanin kujerar gwamnati da ta kamfani. Henry Paulson ya bar shugabancin bankin Goldman Sachs ya zama sakataren baitulmalin Amurka a 2006. José Manuel Barroso, bayan shekara goma yana shugabantar Hukumar Tarayyar Turai, ya kama aiki a wannan bankin a 2016. Ba sai an samu wanda ya karya doka ba kafin abin ya zama matsala. Jami'in da ya san inda yake fatan samun aiki gobe, da wuya ya tsananta wa wurin yau.

Ta huɗu ita ce ta fi ɓuya: ilimin harkar yana hannun kamfanin. Hukumar sa ido ba ta da injiniyoyi ko kuɗin da ya kai na wanda take sa wa ido, sai ta dogara da bayanansa. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta damƙa wa ma'aikatan Boeing babban ɓangare na aikin tantance jirgin 737 MAX. Biyu daga cikin jiragen suka faɗi, ɗaya a Indunusiya a Oktoba 2018, ɗaya a Habasha a Maris 2019, mutum 346 suka mutu, aka gano cewa ba a sanar da matuƙa game da wata manhaja da ke sunkuyar da hancin jirgin ba. An ba kura ajiyar nama kenan. A bayan duk waɗannan kuma akwai barazanar da ba sai an furta ba: in kun matsa mana, mu kwashe masana'antar zuwa wata ƙasa.

Da gaske ne akwai kamfanin da ya taɓa kifar da gwamnati?

An kifar da gwamnatoci saboda rikicin da ya taso a kan kamfani, amma sojoji da jami'an leƙen asiri ne suka yi aikin. A Gwatamala, shugaba Jacobo Árbenz ya yi dokar rabon filaye a 1952, wadda ta shafi filayen da United Fruit, kamfanin ayaba na Amurka, ya mallaka amma ba ya nomawa. Diyyar da ya yi tayi ita ce darajar da kamfanin da kansa ya rubuta a takardun harajinsa, kamfanin ya ce ta yi kaɗan. A 1954 hukumar CIA ta shirya juyin mulkin da ya kawar da shi. Sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, John Foster Dulles, da ƙanensa Allen Dulles, shugaban CIA, dukansu sun fito ne daga ofishin lauyoyin da ya taɓa yi wa kamfanin aiki. Masana tarihi suna jayayya kan wanne ya fi nauyi, tsoron kwaminisanci ko muradin kamfanin. A Iran ma, Mohammad Mosaddegh ya mayar da kamfanin mai na Anglo-Iranian hannun ƙasa a 1951, Birtaniya da Amurka suka haɗa hannu aka tumɓuke shi a 1953.

Yau an fi amfani da lauyoyi. Yarjejeniyoyin zuba jari da yawa suna ba kamfanin waje damar kai gwamnati gaban kwamitin sasanci na ƙasa da ƙasa. Philip Morris ya kai Yurugwai ƙara a 2010 saboda dokar da ta tilasta rufe kashi 80 cikin 100 na kwalin taba da gargaɗi. Yurugwai ta yi nasara, amma sai a 2016. Ƙaramar ƙasar da ta ga an yi shekara shida ana shari'a, za ta yi tunani sau biyu kafin ta yi irin wannan doka.

Ta yaya kamfani mai ribar biliyoyi ke biyan haraji ɗan kaɗan, kuma a ce bai karya doka ba?

Ta hanyar rassan da aka yi bayaninsu a amsa ta biyu. Ana ɗora haraji ne a kan riba, kuma kamfani mai rassa a ƙasashe da yawa yana da sararin zaɓen inda ribar za ta bayyana. Sai a ajiye mallakar tambari ko ta fasaha a reshen da ke ƙasa mai ƙaramin haraji. Reshen da ke ƙasar da ake ainihin ciniki kuma ya riƙa biyan wancan kuɗin amfani da tambarin, ko ruwan bashin da ya ci daga ɗan'uwansa, har ribarsa ta tsiyaye. Kuɗi ya fita daga aljihun dama ya shiga na hagu, mai karɓar haraji ya tashi da hannu wofi.

A 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta ce tsarin da Ailan ta amince wa Apple ya sa a 2014 kamfanin ya biya kashi 0.005 cikin 100 a kan ribar da ya rubuta a can, wato yuro 50 a kowane miliyan. Ta umarci Ailan ta karɓi yuro biliyan 13. Abin mamakin, Ailan da kanta ta ɗaukaka ƙara tana cewa ba ta son kuɗin, don kada ta kori sauran kamfanonin da suka yada zango a wurinta. Sai a Satumba 2024 babbar kotun Turai ta tabbatar da umarnin. Don rage wannan rige-rigen, ƙasashe sama da 130 sun amince a Oktoba 2021 da mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin 100 ga kamfanonin da cinikinsu ya kai yuro miliyan 750. Tarayyar Turai ta fara aiki da shi, Amurka ba ta mayar da shi doka ba.

Kamfani zai iya sauya abin da jama'a suka ɗauka gaskiya ne?

Kamfanonin taba sun nuna yadda ake yi. Da bincike ya fara danganta taba da sankarar huhu a farkon shekarun 1950, ba su tsaya ƙaryatawa kawai ba, sai suka zuba kuɗi a nasu binciken don a riƙa cewa har yanzu masana ba su daidaita ba. Wata takardar cikin gida ta kamfanin Brown & Williamson ta 1969 ta faɗi dabarar ƙarara, cewa shakka ita ce hajarsu. A 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka tsaya gaban majalisar Amurka, cikin rantsuwa, suka ce ba su yarda nikotin yana kama mutum ba. Shekara huɗu bayan haka kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 dala biliyan 206 cikin shekara 25.

Ba a buƙatar a gamsar da kai cewa abu ba shi da illa. A sa ka ɗan yi kokwanto ya isa, domin kowace shekarar jinkiri shekarar ciniki ce. Masanan kimiyya na kamfanin mai na Exxon sun gargaɗi shugabanninsu kan ɗumamar yanayi tun ƙarshen shekarun 1970, amma kamfanin ya yi shekaru yana tallafa wa ƙungiyoyin da ke yaɗa shakka a kan batun.

Shafukan sada zumunta kyauta ne, me za a ji tsoro?

Masu talla ne ke biya. Kusan duk kuɗin shigar Meta daga talla yake, na Alphabet mai Google kuma wajen kashi uku cikin huɗu. Abin da suke sayarwa shi ne hankalinka da sanin halinka, shi ya sa aka tsara shafukan yadda za ka daɗe a ciki. Barinsu kuma yana da wuya, tunda amfanin shafi yana cikin yawan waɗanda ke kansa. Ka koma sabon wuri ka tarar babu kowa, sai ka dawo. Wannan ita ce tambayar farko, ina za ka, a sabuwar riga.

A 2018 aka gano cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan masu amfani da Facebook da yawansu ka iya kai miliyan 87, abin da ya jawo wa Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019. A 2018 ɗin ne kuma Facebook ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da shafinsa a rura wutar tashin hankali a Myanmar. A Fabrairu 2021, da Ostireliya ke shirin dokar da za ta sa ya biya kafafen labarai, ya toshe labarai gaba ɗaya a ƙasar na 'yan kwanaki, har aka yi wa dokar gyara.

In kamfani ya yi ɓarna, me ya sa ba kasafai ake ɗaure shugabanninsa ba?

Domin a babban kamfani shawara tana ratsa hannaye da yawa, kuma kotu tana buƙatar hujjar cewa wane ya sani, ya kuma yi da gangan. Ana ɗaurewa wani lokaci: Jeffrey Skilling, tsohon shugaban kamfanin makamashi na Enron, ya sha ɗauri, wani manajan Volkswagen ma ya samu shekara 7 a Amurka bayan da aka gano a 2015 cewa an sa wa motoci kusan miliyan 11 manhajar yaudarar gwajin hayaƙi. Amma abin da aka fi gani shi ne tara, wadda ke fita daga asusun kamfani, wato daga aljihun masu hannun jari, galibi shekaru bayan wanda ya yanke shawarar ya karɓi ladansa ya tafi.

Abin da ya faru a birnin Bhopal na Indiya ne misalin da ya fi ciwo. A daren 2 ga Disamba 1984 iskar guba ta ɓalle daga masana'antar reshen Union Carbide na Indiya. Dubbai suka mutu a kwanakin farko, sama da mutum 500,000 suka shaƙa. Indiya ta nemi diyyar sama da dala biliyan 3, aka sasanta a 1989 kan miliyan 470. Sai a 2010 aka yanke wa tsoffin jami'an reshen su bakwai ɗaurin shekara biyu-biyu. Shugaban uwar kamfanin, Warren Anderson, ya mutu a 2014 bai taɓa tsayawa gaban kotun Indiya ba.

Akwai kuma waɗanda girmansu ya zama musu garkuwa. Bayan rushewar bankin Lehman Brothers a Satumba 2008, Amurka ta ware dala biliyan 700 don ceto, kamfanin inshora na AIG kuma aka tallafe shi da kusan biliyan 180. A 2012 bankin HSBC ya biya dala biliyan 1.9 kan sakaci da safarar kuɗin haram, ba a gurfanar da shi ba. A 2013 babban lauyan gwamnatin Amurka, Eric Holder, ya faɗa wa majalisar dattawa cewa girman wasu bankuna yana sa gurfanar da su ya yi wuya, saboda abin da hakan zai yi wa tattalin arziki.

Ayyukan taimakon al'umma da kamfanoni ke yi fa, na gaske ne?

Asibitin da aka gina asibiti ne, ko da don talla aka gina shi. Sai dai a gwada shi da harajin da ba a biya ba da ɓarnar da ba a gyara ba. Kamfanin mai na BP ya yi shekaru yana tallar kansa a matsayin mai kishin muhalli kafin fashewar 2010 a dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon, wadda ta kashe mutum 11 ta malalar da mai a Tekun Mekziko. A Agusta 2019 shugabannin manyan kamfanonin Amurka 181 suka sa hannu a takardar cewa za su kula da ma'aikata da al'umma, ba masu hannun jari kaɗai ba. Babu layi ko ɗaya a cikinta da za a iya kai wani kotu a kansa.

Raba babban kamfani gida-gida yana magance matsalar?

Wani lokaci, kuma na ɗan lokaci. Bisa dokar Sherman ta 1890, kotun ƙolin Amurka ta raba Standard Oil gida 34 a 1911. Rockefeller, da yake yana da kaso a kowanne, sai ma ya ƙara arziki, kuma biyu daga cikin 'ya'yan, Exxon da Mobil, suka sake haɗewa a 1999. An raba kamfanin tarho na AT&T a 1984, gasa ta shigo, kiran nesa ya yi sauƙi, daga baya yawancin gutsattsarin suka sake dunƙulewa. Umarnin raba Microsoft na 2000 kuwa kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2001.

Tarayyar Turai ta ga tara ta zama ihu bayan hari, domin ta ci Google yuro biliyan 2.42 a 2017 da sama da biliyan 4 a 2018, kasuwar ba ta sauya ba. Sai ta yi dokar kasuwannin intanet a 2022, wadda ke shimfiɗa wa manyan kamfanonin fasaha ƙa'idoji tun kafin su yi laifi, da tarar da za ta iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsu a duniya. Ƙasar Sin ta nuna cewa gwamnati tana iya durƙusar da kowane kamfani cikin dare ɗaya, da ta dakatar da sayar da hannun jarin Ant Group, kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet, a Nuwamba 2020, kwanaki kaɗan bayan Jack Ma, wanda ya kafa shi, ya soki masu sa ido a bainar jama'a. Wanda ke sha'awar wannan hanya ya tuna cewa ikon da babu kotun da ke taka masa burki ya koma wani hannu ne kawai. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Ƙaurace wa kayan kamfani yana da wani tasiri?

In mutum ɗaya ne ya yi fushi ya daina saye, kamfanin ba zai ma sani ba, balle a kasuwar da babu wani zaɓi. Ƙauracewa tana cizo ne in an shirya ta, da buƙata takamaimiya, ta kuma ƙare da doka ko yarjejeniya. Wadda aka fara wa Nestlé a 1977 kan tallar madarar jarirai ta taimaka wajen samar da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1981. A Afirka ta Kudu kamfanonin magani 39 sun kai gwamnati ƙara kan dokar samar da magani mai araha, a daidai lokacin da cutar ƙanjamau ke kashe jama'a. Matsin lamba daga masu fafutuka a ciki da waje ya sa suka janye a Afrilu 2001. A shekarar ce kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin maganin shekara guda a kan dala 350, alhali ana sayar da shi sama da dala 10,000.

Ma'aikata ma suna da tasu hanyar. A Jamus, dokar 1976 ta ba su rabin kujerun kwamitin sa ido a kamfanonin da ma'aikatansu suka haura 2,000. A Bangaladesh, ginin Rana Plaza ya rufta ranar 24 ga Afrilu 2013, mutum 1,134 suka mutu, akasarinsu masu ɗinka tufafi wa manyan kamfanonin Turai da Amurka ta hannun 'yan kwangila. Kamfanonin suna iya cewa ba ma'aikatansu ba ne, kuma a doka haka ne. Bayan haka ƙungiyoyin ƙwadago suka sa kamfanoni sama da 200 suka rattaba hannu a yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine, aka duba masana'antu sama da 1,600. Abin da ya bambanta ta da takardar 2019 da aka ambata a baya shi ne ana iya gurfanar da wanda ya saɓa gaban masu sasanci. An kuwa yi: a Janairu 2018 wani babban kamfanin tufafi, wanda ba a bayyana sunansa ba, ya amince ya biya dala miliyan 2.3, mafi yawansu don gyara masana'antu sama da 150 da ke yi masa ɗinki.